Noman rumfa a kudancin Kano: Ba girin-girin ba, ta yi mai

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora. Nan ne hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta miƙe Zariya, ɗaya ta karya ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore har ta dangana da Jos. Nan ne kuma amfanin gonar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ke haɗuwa kafin ya kama hanyar birane: rake da masara da shinkafa da barkono da kayan miya.

Mai bin hanyar nan ya san yadda farashin tumatir ke wasa da hankalin jama'a. A watan Janairu da Fabrairu, lokacin da kayan lambu suka nuna, kwanduna kan cika kasuwar Kwanar Gafan har manomi ya rasa mai taya masa. Da zafi ya shigo, damina ta biyo baya, sai tumatir ya yi ɓatan dabo, uwargida ta koma wa busasshe da na leda.

Wannan giɓi na watanni shi ya sa hankalin matasa da ma'aikata da 'yan kasuwa ya karkata ga rumfar noma ta zamani, wadda 'yan boko ke kira girin-hawus. Lissafin a takarda mai daɗi ne: a noma tumatir da tattasai a lokacin da babu su, a sayar da tsada.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a zuba kuɗi. Ana tambayar kuɗin ƙarfe da leda da raga da tanki da sola. Ba a cika tambayar a cikin me saiwar shuka za ta zauna ba. Alhali a nan ne riba ko asara take.

Ra'ayin wannan rubutu shi ne, kudancin Kano na da abin da zai yi wa shuka makwanci ba tare da an sayo shi da dala ba, wato ɓuntun shinkafa. Abin da ya rage shi ne a gwada shi, a daidaita haɗinsa, a kuma koya wa manomi auna gishirin ruwansa. Muddin ba a yi wannan ba, rumfunan da ake kafawa za su yi kyau a hoto na shekara ɗaya ko biyu, daga nan su koma wurin shanya.

Rumfa hamada ce da mutum ya gina da hannunsa

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan Kwanar Dangora da batun gishiri? Ai kudancin Kano ne ya fi kowane ɓangare na jihar samun ruwan sama. Ga madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta na daɗi ne, shi yake shayar da Kadawa da Kura da Bunkure.

Maganar gaskiya ce. Amma a tuna abin da damina ke yi wa gona. Duk gishirin da ruwan ban-ruwa da takin zamani suka bari a saman ƙasa lokacin rani, ruwan sama ne ke narkar da shi ya yi ƙasa da shi, nesa da saiwa. Wanki ne na kyauta da ake yi wa gona duk shekara, manomi bai ma san ana yi ba.

Ranar da aka lulluɓe fili da leda, ranar aka dakatar da wannan wanki. Ko da za a kwana ana sheƙa ruwa a Doguwa, ɗigo ɗaya ba zai taɓa ƙasar da ke cikin rumfa ba. Ga zafi yana busar da ruwan da aka zuba, ga taki ana narkawa ana ɗigawa kullum. Ruwa ya tafi sama, gishiri ya zauna. Ke nan matsalar da manomin Masar ko Saudiyya ke fama da ita a fili, mai rumfa a Kiru zai iya haifar wa kansa ita a cikin ɗaki.

Ko a fili ma yankin bai tsira gaba ɗaya ba. A wasu sassa na shirin noman rani na Kogin Kano, inda magudanan fitar da ruwa suka toshe ruwa ya kwanta, manoma sun san farin garin nan mai kama da kanwa da ke fitowa a saman fangali, inda shuka ba ta son tsayawa. A duniya kuwa, rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce kusan hekta biliyan 1.4 na ƙasa na da matsalar gishiri, wato sama da kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa.

Lissafin da ya kamata mai rumfa ya yi

Ana auna gishirin ruwa da wata 'yar na'ura mai kama da biro, wadda ake kira EC mita. Ana tsoma bakinta a ruwa ta nuna lamba. A ma'aunin hukumar abinci ta duniya, ruwan da bai kai maki 0.7 ba lafiya lau yake. Daga 0.7 zuwa 3 sai an yi taka-tsantsan. Wanda ya haura 3 kuwa matsala ce babba.

Maki 1 na nufin akwai kimanin miligiram 640 na narkakken gishiri a kowace lita. A ɗauki misalin rumfa mai tushen tumatir 500, kowane tushe yana shan lita 2 a rana lokacin zafi. Lita 1,000 ke nan kullum. Idan ruwan rijiyar burtsatsen mai rumfar maki 1 ne, to kullum yana zuba giram 640 na gishiri a gindin shukarsa. A kwana 150, ya zuba kilo 96, kusan nauyin buhu biyu na takin zamani. Wannan ban da gishirin takin da yake narkawa a tanki. Shuka za ta ci wani ɓangare, amma ragowar yana nan yana taruwa.

Kowace shuka da iya juriyarta. Binciken da masanan Amurka biyu, Maas da Hoffman, suka wallafa a 1977, wanda har yau ake kafa hujja da shi, ya nuna tumatir na jure gishirin ƙasa har maki 2.5. Daga nan duk maki ɗaya da ya ƙaru, amfani zai ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Tattasai bai kai haka juriya ba: daga maki 1.5 yake fara ja da baya, kuma faɗuwarsa ta kai kashi 14 a kowane maki. Albasa daga 1.2 take fara kokawa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Shuka ta yi yaushi da rana alhali gindinta a jiƙe yake. Bakin ganye ya ƙone. 'Ya'ya su ƙanƙance. Gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, domin gishiri ya hana saiwa jan sinadarin kalsiyam yadda ya kamata. Abin takaici, manomin da bai san dalili ba yakan ɗauka yunwa ce ke damun shukar, sai ya ƙara taki. Ana kukan targaɗe, ga karaya ta samu.

Dalilin raba saiwa da ƙasar gona

Ban da gishiri, ƙasar cikin rumfa na tara cuta. Wanda ya kashe miliyoyi ya kafa rumfa ba zai so ya shuka gero ko wake a ciki don ƙasa ta huta ba. Tumatir zai cire ya mayar da tumatir, ko tattasai, ko attaruhu, waɗanda duk dangi ɗaya ne. A haka tsutsar nan mai sa saiwa ƙulu-ƙulu da cutar yaushi da ke kashe tumatir cikin kwanaki suke samun gindin zama.

Shi ya sa masu rumfa a ƙasashe da dama suka daina shuka a ƙasa kai-tsaye. Suna cika buhu ko leda ko bokiti da wani abu dabam, su dasa a ciki, su ɗiga ruwa da taki. Wannan abin shi ne makwancin saiwa. Idan ya tara gishiri ana iya wanke shi. Idan cuta ta kama buhu ɗaya, a ɗauke shi a fitar, sauran su tsira.

Makwanci mai kyau abu huɗu ake nema a wurinsa. Ya riƙe ruwa. Ya bar iska ta shiga, domin saiwa ma numfashi take yi. Ya saki ruwan da ya yi yawa da sauri, don gishiri ya bi shi ya fita. Sannan ya zo da tsafta, babu cuta, babu irin ciyawa, babu nasa gishirin. A ƙara da na biyar, wanda ga manomin Bebeji shi ne gaba da komai: ya zama yana iya sayensa bana, ya kuma iya sayensa baɗi.

Garin kwakwa da farashin dala

Abin da masu sayar da kayan rumfa suka fi tallatawa a Najeriya shi ne garin ɓawon kwakwa, wanda ake kira koko-fit. Yakan zo a dunƙule kamar bulo, a jiƙa shi ya kumbura. Manyan masu fitar da shi kasuwar duniya su ne Indiya da Siri Lanka. Sai kuma fit-mos, ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa daga fadamun ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Latbiya da Istoniya, wanda kaurinsa ke ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya kacal a shekara.

Babu mai musun ingancinsu. Suna riƙe ruwa, ba su da nauyi, kuma wajen renon iri a faranti mai ramuka da wuya a samu kamarsu. Kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wanda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, daga baya ya kafa katafariyar rumfar renon iri domin raba wa manoma dashe mai inganci. Kamfani irin wannan yana da ƙarfin sayen duk makwancin da ya ga dama daga ko'ina. Matashin da ya ci bashi ya kafa rumfa ɗaya a Tudun Wada ba shi da wannan ƙarfi.

Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ya biyo jirgin ruwa ya sauka Legas, sannan ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, dole ya iso da wannan nauyi a kansa. Ko wanda ake haɗawa a gida daga kwakwar Badagiri, kuɗin mota bai bar shi ba. Gashi kuma ba abin saye ɗaya ba ne, bayan 'yan zagaye sai an sabunta.

Akwai kuma abin da ba kowane dillali ke faɗa ba. Ɓawon kwakwa da kansa yana ɗauke da gishiri, musamman wanda ya fito daga bakin teku. Kamfanonin kirki suna wanke shi, su jiƙa shi da sinadarin kalsiyam kafin su sayar. Mai arha sau da yawa ba a yi masa haka ba. Wanda ya saya ya dasa ba tare da ya wanke ya auna ba, ya sayi gishirin da yake gudu da kuɗinsa.

Darasi daga Almeriya

Yankin Almeriya da ke kudancin Sifaniya shi ne wurin da ya fi ko'ina tarin rumfunan noma a Turai, sama da hekta 30,000, har ana hango farinsu daga sararin samaniya. Wuri ne busasshe, ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 200 ba, ƙasarsa ba ta da kirki, ruwan rijiyoyinsa kuma da gishiri-gishiri.

Abin lura shi ne, ba da leda suka fara ba. Tun a shekarun 1950 manoman yankin suka rungumi wata dabara ta gyara ƙasa: a shimfiɗa ƙasa mai ɗan yumɓu, a ɗora takin dabbobi a kai, sannan a rufe da yashi mai kaurin kusan santimita 10. Yashin yana rage bushewar ruwa, yana kuma hana gishiri hawowa sama ya taru a inda saiwa take. Rumfar leda ta farko sai a 1963 ta zo. Har yau kuma mafi yawan rumfunan Almeriya a kan wannan shimfiɗa ta yashi da taki suke noma.

Ke nan sun fara warware matsalar saiwa da abin da ke kusa da su, sannan suka ɗora rufi. A Najeriya an juya abin: rufi ake fara saye, sai an gama ɗaure ƙarfe a fara tunanin abin da za a zuba a buhu.

Ɓuntun da ake ƙonawa

Kano na cikin manyan cibiyoyin sarrafa shinkafa a Najeriya. Kura ta yi suna a kai, haka Tudun Wada, ga manyan injina a cikin birni da kewaye. A duk buhu biyar na shanshera da aka casa, nauyin kusan buhu ɗaya ɓuntu ne. Wani ana hura wutar turara shinkafa da shi, wani masu kaji su kwasa su shimfiɗa, amma da yawa yana nan tsibi-tsibi a bayan injina yana cin wuta a hankali, hayaƙi na damun maƙwabta.

Wannan ɓuntu a wasu ƙasashe kayan sayarwa ne. Manoman Japan sun daɗe suna mayar da shi gawayi suna reno da shi. A Indunusiya da Filifin da Birazil, gawayin ɓuntu sanannen makwanci ne na kayan lambu. A Kolombiya, wadda ke sahun gaba wajen sayar wa Amurka furanni, rumfuna da dama a kan ƙonannen ɓuntun shinkafa suke noma.

Dalilin da ya sa ya dace a bayyane yake. Ɓuntu na da sinadarin silika mai yawa, don haka ba ya saurin ruɓewa ya dunƙule. Ba shi da nauyi. Iska na ratsa shi, ruwa na wuce shi da sauri, wanda shi ake buƙata wajen wanke gishiri. Idan aka mayar da shi gawayi, wuta ta kashe cuta da irin ciyawa da ragowar ƙwayar shinkafa, kuma riƙon ruwansa ya ƙaru.

Yin gawayin ba ya buƙatar injin waje. Maƙerin Kwanar Dangora zai iya ƙera abin aikin daga tsohon duro: a huda shi, a sa masa doguwar bututun hayaƙi, a hura wuta a ciki, a tara ɓuntu a kewaye. Ana juyawa har ya yi baƙi, sai a kashe da ruwa tun bai zama toka ba. Wannan gaɓa ita ce sirrin aikin. Baƙin gawayi ake so. Farar toka kanwa ce, ƙona saiwa take yi.

Ɓuntu shi kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an haɗa shi da abin da zai riƙe ruwa da abinci, kamar takin shanu da ya ruɓe sarai, da ɗan yashin rafi da aka wanke don ya ba buhu nauyi. Yankin yana da sauran abubuwan da suka cancanci gwaji: ɓawon gyaɗa, totuwar masara da aka niƙa, ragowar rake bayan an matse shi a wurin yin mazarƙwaila, da garin katako da ya kwana biyu.

Inda gizo ke saƙar

Adalci ne a faɗi raunin wannan shawara, domin masu shakka suna da hujja.

Na farko, gawayin ɓuntu bai kai garin kwakwa riƙe ruwa ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, buhun da ɓuntu ya yi wa yawa zai bushe kafin azahar. Mai rumfa sai ya riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Idan famfonsa ya tsaya na yini ɗaya, zai ji a jikinsa.

Na biyu, sabon gawayi yana da kaifin kanwa, alhali tumatir ya fi son makwanci mai ɗan tsami kaɗan. Dole a wanke shi sosai kafin a dasa. Ɗanyen ɓuntu da sabon garin katako kuma suna ƙwace wa shuka sinadarin naitirojin yayin da suke ruɓewa, sai ganye ya yi rawaya.

Na uku, takin gargajiya na iya zama ƙofar da gishiri da cuta za su shigo. Kashin kaji musamman yana da gishiri mai yawa, shara daga juji kuma tana zuwa da toka. Takin da bai gama ruɓewa ba guba ne ga jaririn dashe. Maganin wannan shi ne a bar shi ya nuna, sannan a turara haɗin a duro, ko a jiƙa shi a rufe da farar leda a rana tsawon mako huɗu zuwa shida a lokacin bazara.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne rashin tabbas. Bulon garin kwakwa daga kamfanin kirki, na yau da na gobe duk ɗaya ne. Haɗin gida kuwa na wannan mako dabam, na mako mai zuwa dabam. Wanda ya zuba jarinsa ba ya son caca, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Sai dai duk waɗannan matsaloli ne na awo da tsari, kuma awo da tsari aikin cibiyoyin bincike ne. Ba su ne hujjar ci gaba da dogaro da jirgin ruwa ba. Kuma ba a ce a yi watsi da garin kwakwa gaba ɗaya ba. A bar shi a farantin reno, inda kaɗan ake buƙata kuma inganci ya fi muhimmanci. Amma buhunan da shuka za ta girma a ciki, waɗanda su ke cin makwanci da yawa, a cika su da na gida, ko a gauraya biyun don a rage kashe kuɗi.

Aiki ga mai ƙare ka

Kano ba ta rasa masana ba. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 domin irin wannan aiki. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai tashar gwaji a Kadawa. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Dambatta, da Jami'ar Aliko Ɗangote a Wudil, da hukumar KNARDA mai malaman gona a ƙananan hukumomi.

Abin da manomi ke buƙata daga gare su ba kundi mai shafi 200 ba ne. Takarda ɗaya ce da Hausa, ko saƙon murya a WhatsApp, mai cewa: ga haɗin da aka gwada a yanayin kudancin Kano, kwano kaza na gawayin ɓuntu, kwano kaza na taki, kwano kaza na yashi, ga na tumatir, ga na tattasai, ga na kokwamba, ga yawan ruwan da za a ba shi a sanyi, ga na bazara. A yi gwajin a rumfunan manoma na gaske a Bebeji da Kiru, a sa garin kwakwa a gefe ɗaya, haɗin gida a ɗaya gefen, kowa ya zo ya gani da idonsa.

Ita kuma gwamnati da ƙungiyoyin da ke raba rumfuna da sunan tallafin matasa, ya kamata su sa sharaɗi: kada a kafa rumfa sai an auna ruwan da za a yi amfani da shi, kuma kowace rumfa ta zo da na'urar awon gishiri da horon yadda ake karanta ta. Kuɗin na'urar bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin leda da ƙarfe. Bankunan da ke ba da rancen noma su ma su nemi sakamakon awon ruwa kamar yadda suke neman takardar fili.

Ga matasa kuma akwai sana'a a nan, ko ga wanda ba shi da rumfa. Ƙona ɓuntu, wanke shi, tankaɗe taki, haɗawa, aunawa da ɗurawa a buhu mai suna da lamba, kasuwanci ne mai zaman kansa. Kwanar Dangora ta dace da shi, domin ɓuntun Tudun Wada da na Kura duk suna kusa, ga mota zuwa Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Matan da ke sana'ar turara shinkafa, waɗanda suka fi kowa sanin halin ɓuntu da wuta, bai kamata a bar su a baya ba. A kuma yi hattara kada buƙatar masu rumfa ta tsauwala musu farashin makamashin da suke dogaro da shi.

Kafin a sayi leda

Wanda ke shirin kafa rumfa a bana, akwai abubuwan da zai iya yi da kansa tun kafin hukuma ta motsa.

Ya auna ruwansa sau biyu, a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara, domin gishirin rijiya kan ƙaru idan ruwa ya ja baya. Idan yana da hali, ya tara ruwan saman da ke zuba daga rufin rumfar, wanda kusan babu gishiri a cikinsa, ya riƙa gaurayawa.

Ya gwada duk makwancin da zai yi amfani da shi, na waje ne ko na gida. Ya cika kofi goma, ya shuka irin tumatir ko kokwamba, ya jira kwana goma. Idan tsiron ya fito da kyau, madalla. Idan ya ƙi fitowa ko ya ƙone, ya tsira da asarar kofi goma maimakon tushe 500.

Ya huda buhunansa, ya ɗaga su daga ƙasa, ya tabbata a kowane ban-ruwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan yana fita ta ƙasa. Wannan ruwa ba asara ba ne, shi ne daminar da rumfa ta hana shuka. Ya tara shi ya auna: idan gishirinsa ya ɗara na ruwan da ya shiga nesa ba kusa ba, lokacin wanki da zallan ruwa ya yi. Ruwan da ya fita kuma a kai shi ga bishiyoyi ko shukar waje mai juriya, kada a bar shi ya kwanta a gindin rumfa.

Manoman tumatir na Kano ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki, kwandon tumatir ya gagari talaka. Tun daga lokacin ake kallon rumfa mai raga a matsayin mafaka, kuma da gaskiya a ciki. Amma raga ƙwaro take tarewa, ba ta tare gishiri. Ita saiwa ba ta san nawa aka sayi leda ba. Abin da ta sani shi ne ruwa da iska da tsaftar wurin kwananta, kuma mafi yawan abin da zai ba ta wannan yana nan jibge a bayan injinan casar shinkafa, yana hayaƙi.